Haƙƙin Maƙwabcin da Ba Ka Gani

Wata rana da hunturu na sauka bakin Mayo Kebbi, kogin nan da ya ratsa ƙasar Bibemi, na tarar da wani tsohon masunci yana gyaran komarsa a inuwar tsamiya. Bayan mun gaisa, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan zoben ƙarfe, ƙanƙane ƙwarai, ya miƙo mini.

Ya ce, “Malam, kai da ka yi boko, karanta mini abin da aka rubuta a nan.”

Na duba na ga lambobi, da sunan wani gari na ƙasar Turai. Na ce, “Baba, ina ka samo wannan?”

Ya ce, “A ƙafar wani ɗan tsuntsun bakin ruwa da ya faɗa tarkon jikana.”

Na bayyana masa cewa akwai masu binciken tsuntsaye da sukan kama su, su sa musu zobe, su sake su, domin su san inda suke zuwa. Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ashe yana da mai shi. Mun ci kayan mutane ke nan?”

Na ce, “A'a, Baba, wanda ya sa masa zobe bai mallake shi ba.”

Ya ce, “To, ɗana, in ba nasu ba ne, ba kuma namu ba ne, na wane ne? Abin da ba na kowa ba, wa zai yi kukansa in ya ɓace?”

Ban ba shi amsa a ranar ba, gama ba ni da ita. Amma tambayar ta bi ni har gida. Ita ce nake so mu duba tare, ya mai karatu: ko akwai haƙƙin da ke kanmu game da fadama da tsuntsayen da ke sauka a cikinta, alhali rabin rayuwarsu a wata ƙasa suke yi? In kuwa akwai, wa zai ɗauki nauyinsa?

Baƙin da suke zuwa da kaka

Duk wanda ya tashi a bakin Binuwai ko Mayo Kebbi ya san tsuntsayen gida: zalɓe, balbela, dinya, kirinjijiya, gauraka. Amma idan damina ta ja baya, ruwa ya fara janyewa ya bar laka a fili, sai a ga wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siraran bakuna suna ta caccakar taɓo, garke garke. Ba sa yin sheƙa a wurinmu, ba wanda ya taɓa ganin ƙwansu. Da bazara ta kusa sai a neme su a rasa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Faransawa suke kira “combattant”, watau mayaƙi, saboda yadda mazansu sukan yi ta fafatawa a gaban mata lokacin aure. Nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kilo ba. A arewacin Turai da Saiberiya yake ƙyanƙyashe 'ya'yansa. Idan sanyi ya matso can, sai ya taso ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya sauka a fadamun ƙasashenmu: bakin kogin Sanagal, fadamar kogin Kwara a Mali, Haɗeja da Nguru, tafkin Cadi, da kwarin Logon. Wasu kuma sukan gangaro har bakin kogunanmu. Kafin ya koma dole ne ya ci ya yi kitse, gama kitsen nan shi ne guzurinsa na ƙetare hamada. In bai sami fadama mai abinci ba, a hanya zai faɗi.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa da sanyi ba. Har akwai masu cewa cikin laka suke shiga su yi barci. A shekarar 1822 aka harbe wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, sai aka ga wata doguwar kibiya irin ta Afirka a soke a wuyanta. Da ita ta yi tafiyar nan duka. Gawarta tana nan ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Danmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba. Zoben da ke aljihun tsohon nan daga wannan dabara ya fito.

Abin da aka gane daga baya shi ne, rayuwar tsuntsun nan kamar tafiyar fatake ce: zango bayan zango. In rijiya ɗaya ta ƙafe a tsakiyar hanya, ayari ya halaka, ko da sauran rijiyoyin suna cike. An ga haka a fili. Bayan ƙarancin ruwan da aka yi a ƙasashenmu a 1968, masu ƙidaya a Ingila sun ga wani ƙaramin tsuntsu da suka saba da shi ya ragu ƙwarai a 1969. Farin da ya ƙone gonar Bahaushe ya sa dajin Bature ya yi shiru.

Ruwa ma matafiyi ne

Kada mu ɗauka tsuntsu ne kaɗai yake ƙetare iyaka. Ruwan da yake sauka a kansa ma haka yake. Mayo Kebbi daga ƙasar Cadi ya fito. Ya taso daga tafkunan ƙasar Tupuri, wajen Fiyanga, ya zubo ta kan duwatsu, ya shiga tafkin Lere, sa'an nan ya shigo Kamaru, ya ratsa ƙasar Bibemi, ya haɗu da Binuwai kafin a kai Garwa. Binuwai kuma ya wuce Yola da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, suka tafi teku tare. A shekarun babbar ambaliya ma, ruwan Logon yakan tumbatsa ya malalo ta wannan hanya. Watau ruwan da ya nufi tafkin Cadi yakan juya ya ƙare a tekun Najeriya.

Iyakar da ta yanka wannan kogi kuwa jiya-jiya aka ja ta. Jamusawa da Faransawa suka shata ta a 1894, suka matsar da ita a 1911, aka sake mayar da ita bayan yaƙin 1914 zuwa 1918. Mutanen Mundang suna ɓangarorin biyu, haka Fulani, haka Hausawa 'yan kasuwa da masunta. Kifin da ya yi ƙwai a Lere a Bibemi ake kama shi. Gubar da aka zuba a ruwa a Bibemi mutanen Garwa za su sha.

Ba mu bukatar misali daga nesa. Tsakanin 1977 da 1982 'yan ƙasar Sin suka gina madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Alherinta ba ɓoyayye ba ne: ta ba arewacin Kamaru wutar lantarki, tafkinta ya jawo masunta daga wurare da yawa, an kuma yi noman rani a gindinta. Amma ta rage ambaliyar shekara shekara da take jiƙa fadamun da ke ƙasa da ita, inda manoma suke dasa masakwa idan ruwa ya janye. A shekarun da ruwa ya yi yawa kuma, dole a buɗe ƙofofinta don kada ta fashe. A 2012 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Najeriya, ta raba kimanin miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka mutu sun haura 600. Ba ruwan Lagdo kaɗai ya jawo wannan ba, gama an yi ruwan sama mai yawa a ko'ina, mutane kuma sun yi gine-gine a hanyar ruwa. Madatsar Dasin Hausa da aka shirya ginawa a Adamawa ta Najeriya domin ta tare ruwan, ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba. Kowane ɓangare ya nuna wa ɗan'uwansa yatsa. Amma darasin a fili yake: wanda ya buɗe ƙofa a Lagdo ya taɓa ɗakin wata tsohuwa a Lakwaja, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Mun saba cewa maƙwabci shi ne wanda katangarka ta haɗu da tasa. Mun san haƙƙinsa: ba ka juya masa kwatar gidanka, ba ka tare masa hanya, in gobara ta tashi a gidansa ka fito da guga. Kogi ya koya mana cewa ma'anar ta fi haka faɗi. Duk wanda ruwanka zai kai gare shi maƙwabcinka ne. Duk wanda abin da ka yi a gonarka zai rage masa ko ya ƙara masa, yana da haƙƙi a kanka, ko kun san juna ko ba ku sani ba, ko katin shaidarku na ƙasa ɗaya ne ko ba ɗaya ba.

Ƙorafin da ya kamata a saurara

Yanzu wani zai ce, “Malam, mun ji maganar mutanen Lakwaja, su 'yan Adam ne kamar mu. Amma tsuntsu fa? Ina da 'ya'ya bakwai. Ƙasar tudu ta gaji, auduga ba ta biyan bashin taki. Fadamar nan ita kaɗai ce wurin da zan shuka albasa da shinkafa. Za ka ce in bar ta saboda tsuntsun Turawa?”

Wannan magana tana da nauyi, wanda kuma bai taɓa kwana da yunwa ba kada ya yi saurin raina ta. Tun shekarun 1970 mutane da yawa suka sauko daga duwatsun Mandara da sauran yankunan arewa mai nisa zuwa kwarin Binuwai neman ƙasar noma. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun cinye burtali, makiyayi da manomi da masunci duk sun taru a kan ɗan ruwan da ya rage da rani. Mutumin da ya kafa tarko ya kama tsuntsu goma ya kai kasuwa, sau da yawa kuɗin magani yake nema.

Ƙorafin yana da wani reshe da ya fi wannan ɗaci. Ƙasashen da tsuntsayen nan suke haihuwa a cikinsu sun riga sun tsotse yawancin fadamunsu tun da daɗewa, sun mai da su gonaki da birane da tashoshin jiragen ruwa, sun kuwa yi arziki da haka. A ƙasar Holan mayaƙin nan da muka ambata ya kusa daina haihuwa ɗungum, saboda an busar da filayen ciyawar da yake sheƙa a cikinsu. To, da wane baki wanda ya ci nasa ya ƙoshi zai ce wa mai yunwa ya ajiye nasa? Mun kuma ga yadda a wurare da yawa a Afirka aka kori talakawa daga ƙasar kakanninsu da sunan kare namun daji, ba diyya, ba shawara, sai bindiga da tara. In kare fadama yana nufin haka, hakika zalunci ne, ba kuwa za a gina alheri a kan zalunci ba.

Na yarda da wannan duka. Amma bari mu duba ko gaskiya ne cewa dole a zaɓi ɗaya, ko talaka ko tsuntsu.

Abin da ya faru a Logon da bakin tekun Sanagal

A arewa da mu akwai babbar fadamar Waza da Logon, wadda Fulani suke kira yayre. Dā can ruwan Logon yakan malale ta kowace shekara, kifi ya hayayyafa cikin ciyawa, in ruwa ya janye shanu su sami kiwo har ƙarshen rani. A 1979 aka gina madatsar Maga da katangar bakin kogi domin noman shinkafa. Wannan ya haɗu da shekarun fari, sai ambaliya ta daina kai wa babban yanki. Ciyawa mai kyau ta mutu, kifi ya ragu, masunta da makiyaya suka yi ƙaura, namun dajin Waza suka rasa ruwa, tsuntsaye ma suka ragu. A 1994 aka sake buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da katangar ta toshe, aka ƙara buɗe wata a 1997, da taimakon ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN. Inda ruwa ya koma, kifi ya dawo, kiwo ya dawo, tsuntsaye suka dawo. Rana ɗaya suka tafi da talaka, rana ɗaya kuma suka komo.

Ga misali na biyu, daga bakin teku. Kogin Sanagal shi ne iyaka tsakanin Sanagal da Muritaniya. Inda ya kusa shiga teku akwai fadama mai faɗi, wadda ita ce ruwa mai daɗi na farko da tsuntsu zai tarar bayan ya ƙetare Sahara ta yamma. Sanagal ta keɓe ɓangarenta a 1971, shi ne gandun Juj. Amma da aka gama madatsar Diyama a 1986, ɓangaren Muritaniya ya bushe ya zama fakon gishiri, mutanen ƙauyuka suka watse. A 1991 Muritaniya ta kafa gandun Jawlin, ma'aikatansa kuma suka zauna da masunta da makiyaya da mata masu saƙar tabarma, suka tambaye su yaushe ruwa yake zuwa dā, har ina yake kaiwa. Bisa ga abin da suka faɗa aka riƙa sakin ruwa ta ƙofofi. Kifi da jatan lande suka dawo, ciyawar tabarma ta tsiro, tsuntsaye suka cika wurin. A 2005 hukumar UNESCO ta amince da ɓangarorin biyu a matsayin yanki ɗaya da ƙasashen biyu suke kula da shi tare. Tsuntsun da ya kwana a Sanagal ya yi kalaci a Muritaniya dama bai taɓa sanin wurare biyu ba ne.

Can Turai ma sai da suka koyi wannan. A bakin tekun Holan da Jamus da Danmak akwai wani fili na laka mai suna Waden, inda teku yake cika ya janye sau biyu a rana. Tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 suke yada zango a wurin kowace shekara. Tun 1978 ƙasashen uku suke shawara tare a kansa, gama sun ga kowa ya kare nasa shi kaɗai aikin banza ne. Daga baya suka gane ko su ukun ba su isa ba, domin da yawa daga cikin tsuntsayen a gaɓar Bank Dargin ta Muritaniya suke cin hunturu. A 2014 suka ƙulla yarjejeniya da masu kula da wancan wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da waɗannan labarai suke nuna mana shi ne, tsuntsun bakin ruwa ɗan aike ne. Ba dawa yake ci ba kamar jan-baki. Tsutsa yake nema cikin laka, da ƙwari, da ƙwayar da ta zube bayan girbi. In ka gan shi da yawa, alama ce laka tana da rai, kifi zai yi ƙwai, ciyawa za ta fito, rijiya ba za ta ƙafe da wuri ba. In ya daina zuwa, mai koma ya fara shirin ƙaura. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Amana

Duk da haka, ba zan ɓoye maka ba, ya mai karatu, akwai lokacin da amfanin mutum na yau da rayuwar tsuntsu sukan yi karo da gaske. Masu bincike a fadamar Mali sun ga cewa a shekarar da ambaliya ta yi ƙaranci, tsuntsaye sukan cunkushe a 'yan wuraren da suka rage, a lokacin ne kuwa aka fi kama su da raga a kai kasuwar Mopti, gama a lokacin ne mutane ma suka fi matsuwa. In da amfaninmu kaɗai ne dalilin kare su, to ran da amfanin ya ƙare sai mu ce ba ruwanmu. Saboda haka muna bukatar dalilin da ya fi riba zurfi.

Kakanninmu suna da shi. Dubi shamuwa. Da rani tana can kudancin Afirka, in damina ta kusa sai ta zo ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, wani lokaci a kan ɗakin mutum. Tana da nama kamar kowane tsuntsu, kama ta kuma ba wuya. Amma yaro ya ɗaga danƙo zai harbe ta, manya za su tsawata masa. Ba hukuma ce ta kafa wannan doka ba. Mutane sun ɗauke ta baƙuwa ce mai kawo albishirin ruwa, wadda ta amince da su ta sauka a gidansu, cin amanar baƙo kuwa abin kunya ne ko a shekarar yunwa. Abin da muke yi wa shamuwa da damina, me zai hana mu yi wa baƙin da suke zuwa da kaka?

A nan ne na ga amsar tambayar tsohon nan. Abin da ba na kowa ba, ba ganima ba ne, amana ce a hannun wanda ya sauka wurinsa. Ba mu muka halicci tsuntsun nan ba, ba mu muka koya masa hanyar Sahara ba. Mun tarar da shi yana zuwa, kamar yadda muka tarar da kogi yana gudu. Wata shida yana hannunmu, wata shida yana hannun wasu. In ɗan'uwanka ya ba ka ajiyar akuya ka sha nononta, ba laifi. In ka yanka ta ka sayar da fatar, ka ci amana. Haka masunci ya kama kifi, manomi ya dasa masakwa, makiyayi ya shayar da shanunsa, duk halal ne. Amma a zuba maganin ƙwarin auduga a kududdufi don a kwashe kifi rana ɗaya, ko a yi su da gidan sauro har a tattare 'ya'yan kifi, ko a shinge ruwa kaf a hana na ƙasa, wannan yanka akuyar ajiya ne. Masu ajiyar kuwa uku ne: maƙwabcin da ke ƙetaren iyaka, jikan da ba a haifa ba tukuna, da Mahaliccin da ya ba mu aro.

Amana kuma ba a kan talaka kaɗai take ba. Wanda ya fi ƙarfi shi ya fi nauyi. Gwamnatoci sun sa hannu a takardu da yawa. A 1964 Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya suka kafa Hukumar Tafkin Cadi. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu a garin Ramsar na ƙasar Iran. Cadi ta shiga a 1990, Kamaru a 2006. Tafkin Lere, inda ayu yake zaune, ya shiga jerin Ramsar a 2005 tare da gandun Binder da Lere. A 2011 Kamaru da Cadi suka amince su haɗa hannu wajen kula da gandun Buba Njidda da na Sena Ura. A Garwa ma akwai makarantar koyon kula da namun daji tun 1970, wadda ta horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka da yawa. Takarda dai ba ta shayar da fadama. Alkawarin ya cika ne ran da mai buɗe ƙofar madatsa ya yi wa na ƙasa gargaɗi a kan lokaci, ya kuma saki ruwan da zai jiƙa gonakin masakwa; ran da aka kira masunta da makiyaya da mata masu lambu aka ji ta bakinsu kafin a shata wuri, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasashe masu arziki kuma, in suna son tsuntsayensu su koma musu da bazara, sai su gyara fadamun da suka busar a gida, su kuma ɗauki rabonsu na asarar da talakan nan zai yi in ya bar wani sashe bai nome ba. Wannan ba sadaka ba ce. Biyan kuɗin masauki ne.

Abin da ke hannunmu

Ni da kai ba mu da makullin Lagdo. Amma muna da abin da za mu iya. Dattawan gari za su iya maido da al'adar hutar da wasu tafkuna, a hana su a cikinsu sai lokacin da aka yanka, kamar yadda sarakunan ruwa suke yi dā. Mai lambu zai iya barin ɗan gefen laka tsakanin gonarsa da ruwa. Uba zai iya hana ɗansa kafa raga a watan da baƙin nan suke tara guzurin komawa. Malamin makaranta zai iya kai yara bakin kogi ya nuna musu tsuntsun da ya zo daga Saiberiya. Masuntan Bibemi da na Lere, waɗanda dama suna haɗuwa a kasuwa da wurin biki, za su iya daidaitawa a kan irin ragar da ba za a sa a kogin ba, ba sai sun jira takarda daga Yawunde ko Njamena ba. Zaman duniya cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kogi kuwa ya riga ya ɗaure mu da igiya ɗaya.

Da na koma bakin Mayo Kebbi wani hunturun, na sake tarar da tsohon. Na ce masa, “Baba, na zo da amsar tambayarka. Tsuntsun nan baƙo ne, mu kuma masu masauki.”

Ya yi dariya ya ce, “Sai yanzu ka gane, ɗana? Ai tun ran nan na sa yaron ya cire tarkon. Wanda ya yi irin wannan tafiya ya zo ƙofarka, ko ruwa ka ba shi.”

Ya nuna mini zoben, ya zura shi a igiyar da ke wuyan jikansa. Can gaba kaɗan, inda ruwa ya janye, baƙin suna ta kiwo cikin laka.